Yadda Za Ki Ciyar Da Mara Lafiya Ba Tare Da Abinci Ya Faɗa Masa Huhu Ba

A ɗakin kwanciyar marasa lafiya inda nake aikin jinya, akwai wani zazzaɓi da muke ganewa tun kafin hoton ƙirji ya fito. An kawo dattijo da shanyewar ɓarin jiki, hawan jininsa ya fara sauka, iyali har sun fara hamdala. Bayan kwana biyu ko uku sai jiki ya ɗau zafi rau, numfashi ya koma sama-sama, ƙirji na ƙugi. In na leƙa ƙarƙashin gado sai in tarar da filas na shayi, kwanon fura, da gorar ruwa da aka huda murfinta don a riƙa tsiyaya masa. Ba sauro ne ya cije shi ba. Abin da aka ba shi ne ya kauce hanya ya sauka huhu, ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama, ciwon huhu ya kama shi.

Zan riƙa cewa "ki" saboda galibi mata ne ke zaman jinya a gefen gado. Maza masu jinyar iyayensu, maganar har da ku.

A cikin wuya hanya biyu ce. Ta gaba ta iska ce, tana zuwa huhu. Ta baya ta abinci ce, tana zuwa ciki. A sama, daga bayan harshe, mashigarsu ɗaya. Duk lokacin da mutum ya haɗiyi wani abu, numfashi na tsayawa na ɗan lokaci, maƙogwaro ya ɗago sama, wani ɗan guringuntsi ya kife a bakin hanyar iska kamar faifai a bakin ƙwarya, tantanin murya guda biyu su haɗe su toshe ƙofar, sannan loma ta wuce ta baya. Duka wannan cikin kamar daƙiƙa ɗaya. Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanki ki haɗiyi yawu, za ki ji ya hau ya sauko. Mai lafiya in ya ƙware, tari ke fitar da abin nan take. Mara lafiya kuwa, ko rufewar ta makara, ko tarin ya rasa ƙarfi, ko kuma jijiyar da ke jin abu ya shiga ta mutu gaba ɗaya, ruwa ya gangara huhu shiru ba ko gyaran murya. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni tsoro, domin mai jinya za ta rantse miki cewa "wallahi lafiya lau yake sha, ko tari bai yi ba", kuma gaskiya ta faɗa. Abin da ya shiga yawanci huhun dama yake nufa, saboda reshen bututun iska na dama ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa ƙasa.

Kusan rabin waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kama suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko. Mafi yawansu haɗiyar na dawowa cikin makonni biyu ko abin da ya yi kusa da haka. Wato kwanakin hatsarin ba su da yawa, haƙuri kawai suke buƙata. Ban da su, akwai tsofaffi masu rikicewar tunani, masu ciwon karkarwa, wanda ya bugu a kai, yaro mai sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da wanda allurar barci ba ta gama sakinsa ba.

Doka ta farko ba ta da sassauci: wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a sa masa komai a baki. Ba ruwa, ba shayi, ba madara, ba magani. In kin kira sunansa bai buɗe ido ya dube ki ba, ko ya buɗe ya sake lumshewa kafin ki ɗebo cokali, to ba lokacin ci ba ne. Na san abin da ke zuciyar mutane. Ganin uwa kwance leɓenta ya bushe yana da ciwo, kuma a wurinmu barin mara lafiya da ƙishi kamar rashin imani ne. Haka nan ruwan tofi, rubutu, da zamzam da wani ɗan uwa ya taho da shi daga Makka. Ban taɓa hana kowa addu'a ba. Abin da nake roƙo shi ne a shafa masa a fuska da jiki, ko a jiƙa auduga mai tsabta a matse ta sosai a goga masa a leɓe. Ruwan da jikinsa ke buƙata za a ba shi ta jijiya. Kada garin neman gira a rasa ido.

Mai jijjiga ma haka, ko yaro ne da zazzaɓi, ko mai farfaɗiya, ko mai ciki da jijjiga ta kama. Kada a cusa cokali tsakanin haƙora, kada a ɗura manja ko jiƙon magani. Mutum ba ya haɗiye harshensa, wannan zance ne kawai. A kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, da zarar jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta a gefe, baki na kallon ƙasa kaɗan, ƙafar sama a lanƙwashe don kada ya kife. A haka yawu da amai za su zubo waje. Mai ciki a kwantar da ita ta hagu. In jijjigar ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, sai asibiti. Mai ciki kuwa ko sau ɗaya ta yi, asibiti.

To, ya farka, yana gane mutane. Kafin cokalin farko, ki saurari muryarsa. Gaɓoɓin da ke magana su ne ke haɗiya, shi ya sa a manyan asibitoci masu gyaran magana ne ke duba haɗiya. Ki ce ya ja "aaa" mai tsawo. In ta fito garau, madalla. In ta fito da iska-iska kamar mai raɗa, alama ce tantanin murya ba sa haɗuwa sosai, kuma ƙofar da ba ta rufe wa iska ba, ba za ta rufe wa ruwa ba. In ta fito da ƙarar ruwa kamar mai kurkurar wuya, yawunsa ma ya taru a bakin hanyar iska. Sai ki ce ya maimaita "ba-ba-ba", sannan "ta-ta-ta", sannan "ka-ka-ka". Na farko ƙarfin leɓe yake nunawa, na biyu kan harshe, na uku gindin harshe, wanda shi ke tura loma baya. Daga nan ki ce ya yi tari da ƙarfi. Ki duba ko yawu na dalala ta gefen baki. In ya faɗi a waɗannan, ki ajiye kofin ki kira ma'aikaciyar jinya. A asibiti ma dai, mu ya kamata mu yi gwajin farko kafin kowa ya ba shi wani abu. Da ƙaramin cokali muke farawa, na ruwa zalla mai tsabta, domin ko ya kauce hanya, ya fi madara ko kunu sauƙin illa. Bayan kowane cokali yatsa na kan maƙogwaro, sannan a ce ya sake cewa "aaa". Tari, canjin murya, hawaye a ido, ko numfashi ya sauya, duk alamar a dakata ce.

Zama

Ba a ciyar da mutum a kwance, ko da an ɗan tallafo kansa da hannu. Wannan tallafowar ita ce mafi muni, domin jiki na kwance, wuya a lanƙwashe, ruwa ya taru a bayan maƙogwaro. A zaunar da shi sosai, baya a miƙe. A gida in babu gadon da ake ɗagawa, a jingina shi da bango, a cika bayansa da matashin kai, a sa wani a ƙarƙashin hannun da ya shanye don kada ya karkace. Haɓa ta ɗan sunkuyo wajen ƙirji. Ke kuma ki zauna, idonki daidai da nasa ko ƙasa kaɗan. In kina tsaye a kansa dole ya ɗaga kai ya dube ki, ɗaga kai kuwa buɗe hanyar iska yake yi. Saboda wannan dalilin nake ƙin gora da buta da dogon kofi mai ƙaramin baki: duk sai an ɗaga kai kafin a sha. Ƙaramin cokali ya fi, ko kofi mai faɗin baki a cike.

Sannan 'yan dubiya. Loma na bakin Baba, wani ya yi sallama ya ce "Baba ya jiki?", shi kuma saboda kara sai ya buɗe baki ya amsa. Amsawa na buƙatar iska, iska ta ja lomar. Lokacin cin abinci ki roƙe su su jira a waje, ki kashe rediyo, kuma ke ma kada ki yi masa tambaya sai ya haɗiye.

Abin da za a ba shi

Nan ne mutane ke mamaki. Ruwa zalla da shayi da lemon kwalba su suka fi wuyar haɗiya ga irin wannan mara lafiya, saboda gudu gare su, kafin ƙofa ta rufe sun iso. Abu mai kauri, sumul, marar gudaji, a hankali yake tafiya a dunƙule. Koko mai kauri da aka tace, kunun gyaɗa da aka niƙa shinkafarsa, kindirmo da aka buga ya yi laushi, ayaba da aka murƙushe, dankali da aka dafa lugub aka dama da romo, alale mai laushi, tuwon shinkafa mai taushi da aka cuɗa da miyar kuka har ya zama ɗaya. Gwajina da cokali ne: ki ɗebo ki karkata shi. In ya zube shar kamar ruwa, ya yi tsinke. In ya manne ya ƙi sauka ko kin girgiza, ya yi tauri, zai liƙe a dasashi da ganɗa. Wanda ya riƙe siffarsa a cokali sannan ya sulluɓe gaba ɗaya, shi ake so.

Fura da nono ita ce babbar rigimata da iyalai. Kowa na ganin abincin mara lafiya ce, ga ta da sanyi, ga ƙosarwa. Amma in an dama ta irin yadda aka saba, abu biyu ne a cokali ɗaya, ruwan nono da gudajin fura. Baki na fama da gudajin, ruwan ya riga ya gangara. In dole sai fura, a niƙa ta a injin markaɗe har ta zama sumul mai kauri, a tace. Burodi a cikin shayi matsalarsu ɗaya. Haka garin kwaki da aka jiƙa, lemon zaƙi, da kankana, masu sakin ruwa ana cikin tauna. Abin da ke warwatsewa a baki kuma, kamar dambu, shinkafa warwara, gyaɗa, ƙuliƙuli da biskit, a ajiye su sai ya warke. Fate mai ganye da zare-zare a markaɗa shi tukuna.

Wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: kunu na tsinkewa ana cikin sha. Yawu na narkar da sitaci, to duk lokacin da cokali ya fito daga baki ya koma kofi, yana kai yawun ciki. Kunun da kika fara da shi da kauri, kafin ki kai rabi ya zama ruwa. Ki riƙa zuba kaɗan-kaɗan a ƙaramin kofi, babban ya zauna a rufe. Kuma ki sa ido a kan fitsarinsa. Masu shan abu mai kauri kaɗai sukan ƙi sha da yawa, jiki ya bushe. In fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, ki faɗa wa likita.

Rabin ƙaramin cokali ya isa loma ɗaya. Ki sa ta ɓangaren bakin da ke da ƙarfi. Ki jira ki ga maƙogwaro ya hau ya sauko, ki ce ya sake haɗiya a banza, sannan ya buɗe baki ki duba. Kumatun ɓangaren da ya shanye aljihu ne, abinci na taruwa a ciki shi bai sani ba, sai ya kwanta ya gangaro. Kada ki kora loma da ruwa. In ya gaji ki tsaya, gara a ci kaɗan sau biyar ko shida a yini da a cika shi sau biyu. Bayan an gama ya zauna a miƙe aƙalla minti 30.

Daga nan wanke baki. Wannan aikin ake rainawa, alhali ƙwayoyin cutar da ke haddasa ciwon huhun daga bakin suke fitowa, suna bin yawu. A Japan an yi bincike a gidajen kula da tsofaffi, aka buga shi a 2002, aka ga waɗanda ake goge wa baki bayan kowane cin abinci sun fi sauran tsira daga ciwon huhu. Buroshi mai laushi, man goge baki ɗan ƙanƙani, kansa a sunkuye, a goge haƙora da harshe da cikin kumatu, a share da ƙyalle mai tsabta maimakon a ce ya kurkure. Ko wanda ba ya cin komai ta baki, a wanke masa safe da yamma.

Ƙwayar magani kada ki daka ta da kanki sai kin tambayi mai ba da magani. Wasu, har da wasu na hawan jini, an yi su ne su narke sannu a hankali tsawon yini. In aka daka, ƙarfin ya fita lokaci ɗaya, jini ya faɗi warwas. Wadda aka yarda a daka, a cuɗa ta da cokalin kindirmo.

In likita ya ce a sa robar hanci, kada ki ɗauka an yanke ƙauna. Na sha jin ana cewa "duk wanda aka sa wa robar nan ba ya tashi". Masu tsananin ciwo ake sa wa, shi ya sa aka ɗora mata laifin. Hanya ce ta kai kunu da magani ciki kai tsaye har haɗiya ta dawo, sannan a zare. Ita ma tana da ƙa'ida: a ɗaga kan gado kamar digiri 30 zuwa 45, a bar abincin ya sauka da kansa a hankali, kuma in robar ta zamo waje fiye da alamar da aka yi mata, ko yana tari ana zubawa, a tsaya cak a kira mu. Kada ki mayar da ita da kanki, tana iya shiga huhu. Na'urar zuƙe majina da kike ganin muna sa wa a baki kuwa, ba ma wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a shiga ɗaya, domin tare da majinar tana zuƙe iskar da yake shaƙa. Shi ya sa muke yi muna hutawa, ba ganda ba ce.

Yara

Ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a matse hannayensa, a toshe hanci, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa. Yana kuka, yana neman iska, iskar da zai ja kuwa da kunun za ta shiga. Kakanni za su ce da ita aka raine mu. Waɗanda ba su tsira ba ba sa nan balle su ba da labari. Yaron da ya ƙi abinci a zaunar da shi, a ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, in ya ƙi a dakata a sake gwadawa an jima. In ƙin cin ya ɗore, ciwo ne ke damunsa, a nemi dalili. Maganin ruwa ma ba a toshe hanci a zuba. A bi ta gefen kumatu da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo. Gyaɗa, gurjiya, aya da masara gasassa kada a bai wa yaron da bai kai shekara 4 ba. Ƙwayar gyaɗa ɗaya kan zauna a reshen huhu, yaro ya yi ta tari da zazzaɓi makonni ana maganin da ba shi ba.

Kananzir da aka zuba a gorar lemo ko ta ruwa na jawo yaro mai ƙishi. In ya sha, kada a sa masa yatsa a wuya, kada a ba shi manja ko madara don ya yi amai. A ciki illarsa kaɗan ce. A huhu ne yake ɓarna, saboda rashin kaurinsa, ɗan kaɗan ke bazuwa ya ƙone wuri mai faɗi, amai kuwa dama ta biyu ce ta shiga. A cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke fata da sabulu, a kai shi asibiti ko da yana wasa, don alamun kan ɗauki sa'o'i kafin su fito.

Dokar hana ci kafin tiyata ma tushenta ke nan. A 1946 wani likitan mata a New York, Curtis Mendelson, ya bi bayanan haihuwa 44,016, ya samu mata 66 da abin cikinsu ya taso ya shiga huhu suna cikin maganin barci. Ruwan ciki tsami gare shi mai ƙuna. Yau ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 ba abinci, awa 4 ba nonon uwa ga jariri, awa 2 ba ruwa. In kin tausaya wa ɗanki kin ba shi shayi a ɓoye, ki faɗa wa mai ba da maganin barci. Ɗage aikin kawai za a yi.

In abu ya toshe wuya ana cikin ci, dubi ko yana iya tari. In yana yi, ƙyale shi ya yi, kada ki miƙo ruwa. In babu murya babu tari, ya riƙe wuya, ki sunkuyar da shi gaba ki buga tsakanin allunan kafaɗarsa da gindin tafin hannu sau 5. In bai fita ba, ki zagayo ta baya, ki dunƙule hannu a saman cibiya, ki ja ciki da sama da ƙarfi sau 5, dabarar da likitan Amurka Henry Heimlich ya bayyana a 1974. Ki yi ta musanyawa, wani kuma ya nemo mota. Mai ciki a ƙirji ake danna mata. Jaririn da bai shekara ba, ki kifa shi a kan hannunki, kai ƙasa da jiki, bugu 5 a baya, ki juyo shi ki danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5. Kada ki zura yatsa kina lalube abin da ba ki gani ba.

Bayan duk wata ƙwarewa mai tsanani, ki sa ido na kwana biyu zuwa uku. Zazzaɓi, majina mai wari ko mai launi, leɓe ya yi duhu, rikicewa ko yawan barci da ba a saba ba, duk na komawa asibiti ne. Ki ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya yana cikin natsuwa. Babba mai lafiya 12 zuwa 20 yake yi. Jariri ƙasa da wata 2 in ya kai 60, ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, numfashin ya yi sauri. Da kun isa, ki faɗa wa likita abin da aka ba shi, da lokacin, da yadda yake zaune ko kwance sa'ad da aka ba shi, har da jiƙon da kike jin nauyin ambata. Da wannan bayanin zai san ɓangaren ƙirjin da zai fi saurara da irin maganin da zai fara.